Hukuncin Aikin Haɗa Sauti a Faifan Farko na Mawaƙan Metalcore

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Shefild na Ingila, ina karatun fasahar sauti. Wasu abokan karatuna guda huɗu, waɗanda ba Musulmi ba ne, sun kafa ƙungiyar kiɗan da ake kira metalcore, kuma suna shirin ɗaukar faifansu na farko a situdiyo. Sun nemi in zama mai ɗaukar sautin da tace shi, har sun ba ni kafin alƙalami, za su kuma rubuta sunana a bayan faifan. Ba ni zan yi kiɗa ko waƙa ba. Shin aikin ya halatta gare ni, kuma yaya matsayin kuɗin da na karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, saboda haka sai da na nemi a kunna mini wani ɓangare na irin wannan kiɗa kafin in amsa maka. Salo ne da ya bunƙasa a Amurka cikin shekarun 1990, daga haɗuwar kiɗan heavy metal da na hardcore punk, sannan ya bazu zuwa Turai, kuma garin da kake zaune ya fitar da sanannun ƙungiyoyinsa. Ginshiƙinsa jita mai lantarki ce da ganguna masu sauri, mawaƙin kuma yana kurma ihu daga maƙogwaro har ba a rarrabe kalmominsa sai an karanta su a rubuce, sa'an nan ya sauko ya rera amshi da murya ta sosai.

Ya ɗana, da yawa za su gaya maka cewa duk wannan kiɗa bautar Shaiɗan ne, kuma ba zan gina fatawa a kan wannan ba, domin ba gaskiya ba ne a dunƙule. A cikin masu yin sa akwai masu zagin addini, akwai masu waƙe baƙin ciki da kaɗaici, akwai ma ƙungiyoyin da suka fito a matsayin Kiristoci masu wa'azi da shi. Haka kuma ayar Suratu Luƙman ta 19, wadda ta yi umarni da sassauta murya kuma ta ce mafi munin sautuka shi ne kukan jakuna, ladabin magana take koyarwa, ba ta isa hujjar haramta sana'a ita kaɗai ba. Inda hukuncin ya rataya shi ne kayan kiɗan, da kalmomin waƙar, da matsayinka na ma'aikaci.

Game da kayan kiɗa, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin masu tsirkiya da na busa. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce hadisin Abu Malik al-Ash'ari a cikin Sahihul Bukhari, cewa za a sami wasu mutane daga wannan al'umma da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, sai kuma rantsuwar Ibnu Mas'ud cewa “lahwal hadisi” (wato zancen shagala) da ke aya ta 6 ta Suratu Luƙman waƙa ake nufi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa bai halatta mutum ya saurari kayan wasa da waƙa da gangan ba, aka keɓe bandiri a bikin aure, kamar yadda hadisin Nana A'isha na 'yan mata biyu masu waƙa ranar idi ya nuna sauƙi a lokutan farin ciki. Ibnu Hazm, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya saɓa musu, ya ce isnadin hadisin ya yanke tsakanin Bukhari da Hisham bin Ammar, amma Ibnus Salah da wasu malaman hadisi sun ba shi amsa cewa Hisham malamin Bukhari ne, kuma hadisin ya zo a sadar ta wasu hanyoyi. Saɓanin yana nan, ba na ɓoye maka shi, sai dai abin da ya rinjaya a wurina shi ne maganar jumhuru, wato mafi yawan malamai.

To ko da mun bi masu sassauci, irin su Shaikh Yusuf al-Ƙardawi a wannan zamani, sharuɗɗa suka gindaya: kada kalmomin su ƙunshi kafirci ko batsa, kada a haɗa sauraron da giya da cakuɗuwa, kada kuma ya shagaltar daga farilla. Imamu Gazali kansa, wanda ya yalwata wa sauraro a Ihya, ya hana kayan tsirkiya saboda alama ce ta mashaya. Faifan farko kuwa ba don a ajiye shi ake yin sa ba, da shi ƙungiya take neman a gayyace ta wasa a mashaya da kulob, inda matasa ke ture juna da bangaza a tsakiyar fili, ƙarar lasifika kuma takan wuce desibel 100 (ma'aunin ƙarfin sauti), alhali masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas. Kai da kake karatun sauti ka fi ni sanin abin da hakan ke yi wa kunne.

Maganarka cewa ba kai ne mai kiɗan ba, ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta. Mai wucewa da sauti ya faɗa kunnensa ba shi da laifi, amma wanda ya zauna makonni yana daidaita makirufo a gaban ganga, yana maimaita baiti ɗaya sau talatin har ya yi daɗi, hannunsa na cikin aikin dumu-dumu, kuma Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Daga sharuɗɗan ijara (ɗaukar mutum aiki a biya shi) a fiƙihu akwai cewa amfanin da ake biya dominsa ya zama halal, saboda haka wannan ƙulli bai inganta ba a wurin jumhuru. Idan kuwa a cikin baitocin akwai zagin Allah ko wani annabi, ko kwaɗaitar da kashe kai, to haramcin ya zama babu saɓani a kansa.

Abin da nake ba ka fatawa da shi, shi ne ka janye daga aikin, ka mayar musu da kafin alƙalamin tun da ba ka fara ba, ka yi musu bayani cikin mutunci da wuri domin su sami wani, kada ka bar su da asarar kuɗin situdiyo. Zumuncin karatu da ke tsakaninku bai haramta ba. Ilimin da kake nema shi ma halal ne, ana bukatarsa a gidajen rediyo, da ɗaukar karatun Alƙur'ani da laccoci, da littattafan saurare. Idan makaranta ce ta ɗora maka irin wannan a matsayin jarrabawa, ka fara neman a musanya maka da wani aikin, in an ƙi, sai ka tsaya a iya gwargwadon da cin jarrabawar ke bukata.

Allah ne Mafi sani.