Ƙanina ya ce kuɗin dakon kwantena zai ninka, in ci bashi in yi oda uku?

Tambayar wani ɗan kasuwa ce: yana shigo da kwantena ɗaya daga Sin duk wata huɗu. Ƙaninsa, wanda shi ne ejen ɗinsa, ya ce kuɗin dako zai ninka kafin ƙarshen shekara, don haka ya ci bashi ya ɗauko uku yanzu, in farashi ya tashi ya kwashi riba.

Alhaji, kuskurenka ɗaya ne: ka karɓi hasashe daga bakin mai cin la'ada. Ban ce ƙaninka macuci ba ne. Amma kwantena uku la'ada uku ce a wurinsa, ko dako ya hau ko ya sauka, bashin kuwa sunanka ne a kai.

Dubi yadda wannan kasuwa take. A 2019, ma'aunin Drewry, kamfanin da ke bibiyar farashin dakon jiragen ruwa, na dakon kwantena mai ƙafa 40 yana wajen dala 1,400. A Satumbar 2021 ya haura dala 10,000. Kafin ƙarshen 2023 ya dawo kusan inda ya fito. Sai 'yan Husi na Yemen suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, kamfanoni suka bar mashigin Suez suna zagaye ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, farashi ya sake cillawa a 2024. Masu jiragen kansu ba su hango wannan ba. Ƙaninka a ina ya hango nasa?

Na san wani da aka yi wa irin wannan huɗuba a ƙarshen 2021. Ya cika sito da kayan da ya biya musu dako mai tsada, bai gama sayarwa ba abokan kasuwancinsa suka sauke irinsu da dako mai araha, suka karya farashi. Sai da ya sayar ƙasa da uwar kuɗi don ya sallami banki.

Yi lissafi da kanka. A ce kayan kowace kwantena dala 40,000 ne, dako 3,000. Ko ya ninka ɗin, abin da ka tsira da shi a kan biyun da ka ƙara 6,000 ne. Ruwan bashin dala 80,000 da za ka ci don kayan biyun, a kashi 2 cikin ɗari a wata, zai cinye shi cikin wata huɗu, ga kuɗin sito, ga kayan da yayinsu ke iya wucewa.

Kuma alkaluman da ake yayatawa na manyan hanyoyi ne, irin Shanghai zuwa Rotterdam. Idan kayanka sai an sauke su a Singapore ko Colombo an ɗora wa ƙaramin jirgi, cunkoson can da ƙarancin kwantena fanko su ne ke yanke maka farashi.

Abin da ke hasasuwa kaɗan ne: rububin kafin hutun sabuwar shekarar Sin a Janairu ko Fabrairu, hutun farkon Oktoba, da tsadar tsakiyar shekara zuwa kaka. Ciro rasit ɗinka na shekara biyu, in ka ajiye su, ka rubuta abin da ka biya da kwanakin da kaya suka yi a hanya. Nemi farashi a rubuce daga ejen biyu da ba danginka ba, kowanne ya faɗi ranar da farashinsa zai daina aiki. Kwantena ta biyu sai ka sami mai saye a hannu, ta uku kada ma ka sa ta a lissafi.