Wai Yarima ne ya sa wa Sarki George na Uku guba?

Tambaya: Malam don Allah a taimaka, ina rubuta aikin kammala digiri kan rikicin riƙon sarauta na 1788 a Ingila, sai na ga bidiyo ana cewa ɗansa Yarima mai jiran gado da Charles Fox, jagoran 'yan adawa a majalisa, su ne suka sa wa sarki guba ya haukace don su karɓe mulki. Hankalina ya tashi, ko sai na sake babin gaba ɗaya?

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, babinka na nan daram. Eh Yarima na son mulki, bashi ya masa katutu, ga auren ɓoye da ya yi da Maria Fitzherbert a 1785 wanda dokar auren 'yan gidan sarauta ta 1772 ba ta yarda da shi ba, kuma Fox ya san in Yarima ya hau to Firaminista William Pitt ya sauka. Amma lokacin da ciwon ya tashi a Oktoba Fox ma yana Italiya, sai da aka aika masa ya dawo a gaggauce. Pitt ya yi ta jan ƙafa da ƙudurin riƙo mai sharuɗɗa, Yarima ba zai naɗa sababbin 'yan majalisar dattawa ba, kula da sarki kuma a hannun Sarauniya Charlotte, kafin majalisar dattawa ta gama sarki ya warware a Fabrairun 1789.

Maganar guban nan wallahi ta ishe ni, kusan kullum sai an turo min ita. Masu bidiyon sun tsinci binciken 2005 da ya sami gubar arsenik a gashin sarki, shi ke nan suka kama. Ba sa faɗa maka masu binciken da kansu sun fi zargin maganin sa amai da likitocin fada suka riƙa ɗura masa, cewa daga nan arsenik ɗin ya fito. Ka duba abin da likita Francis Willis ya yi masa a gidan sarauta na Kew, rigar ɗaure hannu, kujerar da ake ɗaure shi a kai, ana ƙona masa ƙafafu har su yi bororo wai a jawo ciwon waje. Kuma ciwon ya dawo a 1801 da 1804, sannan 1810 lokacin rasuwar 'yarsa Amelia, shi ma Fox ɗin ne? Mutumin da ya mutu tun 1806! Masana da yawa yanzu sun fi karkata ga ciwon ƙwaƙwalwa mai tashi yana lafawa. Abin da ke ƙona min rai, wannan tunanin ne dai ke sa a gidajenmu da an ga mutum ya rikice sai a ce sammu ne, a ɗaure shi da mari a bar asibiti.

Ka koma kan muhawarar 10 ga Disamba 1788, inda Fox ya ce riƙon haƙƙin Yarima ne, Pitt ya ce majalisa ce ke da ikon zaɓa. Can babinka zai tsaya.