Kaskon kiran talotalona ya daina magana, ya zan gyara fuskarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Fensilbaniya ta Amurka, kuma abokan aikina sun gayyace ni farautar talotalon daji a watan Mayu. Na yi lasisi, na sayi kaskon kira guda biyu, wato ɗan kaskon da ake gurza wa tsinke don kwaikwayon kukan macen talotalo, ɗaya mai fuskar dutsen sileti, ɗaya mai fuskar gilashi. Na dutsen ya yi murya mai daɗi kwana uku, sannan ya koma tsuwwa. Na gilashin kuwa tun da na fiddo shi daga kwali bai ce uffan ba, tsinken zamewa kawai yake yi. Ina ta shafa su da babban yatsana ina hura musu iska, babu sauyi. Ina da samfefar kafinta mai kaushi a gida. In goge su da ita ne, ko kuwa jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba jabu ba ne, kuma don Allah ajiye wannan samfefar tukuna, kada ta taɓa dutsen nan. Duka biyun lafiyarsu lau. Na gilashin ba a buɗe masa baki ba ne, na dutsen kuma yatsanka ne ya toshe masa nasa.

Ka tuna mai goge. Kafin ya fara kiɗa sai ya shafa ƙaro a jikin izgar, domin izga mai santsi ba ta fitar da sauti. Tana bukatar ta kama, ta saki, ta kama, ta saki, cikin saurin da ido ba ya gani. Haka tsinkenka yake yi a kan kaskon. Wannan kamawa da sakin ne ke girgiza fuskar, wani faifai da ke ƙarƙashinta a cikin kaskon ya amsa, sai muryar macen talotalo ta fito ta ramukan da ke ƙasa. Duk abin da ya hana tsinke kamawa ya kashe murya, kuma abubuwa uku ne ke yin hakan: maiƙo, laima da sulɓi. Yatsan ɗan Adam ba ya rabuwa da maiƙo ko yanzu aka wanke shi, numfashi kuma tururi ne. Ka ga ke nan biyu daga cikin ukun da hannunka da bakinka ka zuba su.

Fara da na dutsen. Sileti abu ne mai taushi, kuma maiƙo yana saurin kama fuskarsa. Jiharku ma sananniya ce wajen haƙo shi, a gabashinta. Abin da ya dace da shi shi ne koren soson nan na wanke tukunya, irin na Scotch-Brite, sabo busasshe wanda bai taɓa ganin sabulu ba. Yanki ɗan guntu, ka goga a hankali har fuskar ta tashi daga baƙi mai sheƙi ta koma toka-toka. Idan maiƙon ya nitse, sai ka yi amfani da samfefa mai laushi, lamba 220, shafa biyar ko shida, ka tsaya. A samfefa, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Irin ta kafintan da kake da ita wataƙila 60 ce ko 80, kuma za ta ci dutsen ta bar masa kwari a tsakiya. Faifan siriri ne. Abin da ka kankare ba ya dawowa, kuma idan ya sirance muryar ta canza har abada. Na ga kaskon da mai shi ya goge shi kowace safiya da ƙarfin tsiya har ya zama kamar faranti, wanda da an bi shi da soso kawai da jikokinsa ma sun yi farauta da shi.

Gilashi labarinsa daban. Da yawa ana sayar da su sumul, mai saye ne zai karce wurin da tsinke zai yi wasa. A nan ne samfefarka za ta yi amfani: lamba 80 zuwa 120, ko kuma ɗan dutsen gugar da masu kayan farauta ke sayarwa don wannan aikin, wanda ni shi na fi so domin ba ya mutuwa da wuri. Sai ka danna sosai, gilashi ba ya jin lallashi. Ba sai ka karce fuskar duka ba. Zaɓi sashen sama, kamar kashi ɗaya cikin uku, ka yi ta guga har wurin ya yi fari kamar an barbaɗa gari, sheƙi ya ɓace gaba ɗaya. Karon farko zai ɗauke ka 'yan mintuna. Bayan haka shafa kaɗan ta isa.

Ga inda mutane suka fi kuskure, ko da sun sami kayan gugar da suka dace. Kada ka goga a zagaye, kuma kada ka goga ta ko'ina. Ka ɗauki kaskon a matsayin fuskar agogo, ka goga daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 3, layi ɗaya miƙaƙƙe. Wannan zai bar ƙananan kunyoyi a jere kamar na gona. Shi kuma tsinken daga sama zuwa ƙasa yake gangarowa, yana tsallake kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, a nan yake samun abin kamawa. Idan ya bi tsawonsu sai ya zame kamar ruwa a kwari. Sa wata 'yar alama a gefen katakon don ka san ina ne sama, ka riƙa kama shi ta nan kullum, ka kuma goga ta wannan layin kullum. Garin da ya fito, kife kaskon ka kakkaɓe, ko ka share da sosonka. Ban da hurawa.

Kada ka manta da tsinken, domin sau da yawa laifin nasa ne ake ɗora wa kasko. Bakinsa yana kwasar gari da datti har ya yi ƙyalli. Ɗora soso a tafin hannunka, ka dasa bakin tsinken a kai ka murza shi sau uku ko huɗu kamar mai burga miya. Tsaftacewa kake yi, ba fiƙewa ba. Idan ka sauya masa siffa ka sauya masa murya. Zan ba ka shawara ka ware wa kowane kasko tsinkensa, kuma ka daina jefa su aljihu ɗaya da alawa ko man leɓe.

Sai maganar raɓa, wadda za ka haɗu da ita tabbas, tunda wannan farauta ta asuba ce, lokacin da mazan ke kuka daga kan bishiyoyin da suka kwana. Sileti da tsinken katako ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Ɗigo ɗaya ya isa ya rufe musu baki sai sun bushe. Gilashi ya fi juriya, musamman idan ka haɗa shi da tsinken roba mai tauri ko na kabon. Saboda haka sayen biyun da ka yi daidai ne: dutse don kira mai taushi idan tsuntsu ya matso a busasshiyar safiya, gilashi don kira mai kaifi da nisa, ko ranar iska da yayyafi. Idan maiƙo ya taɓa gilashin, ɗan sifirit a auduga zai ɗauke shi, ka bari ya bushe kafin ka goga. Kuma kowanne ya zauna da murfinsa in ba ana kira da shi ba.

Wataƙila ka ga abokanka da wani ɗan akwatin katako mai marfi da ake gogawa a leɓensa. Shi ma na kiran talotalo ne, tun 1897 Henry Gibson na jihar Akansas ya yi masa rajista. Amma shi alli yake ci, marar maiƙo, a ƙarƙashin marfin, kuma samfefa ba ta zuwa kusa da leɓensa. Kada kuma ka ɗauki allin ka shafa wa kaskonka.

Bayan ka gama gugar, gwada a waje, ba cikin ɗaki ba. Riƙe kaskon ta gefe da kan yatsu, kada tafinka ya toshe ramukan ƙasa. Kama tsinken kamar alƙalami, kansa ya ɗan karkata gaba, ka zana ƙananan ƙwai a wurin da ka goge ba tare da ɗaga shi ba. Kusa da gefe murya ta fi siririya, wajen tsakiya ta fi kauri da ɗan dishewa. Idan ka ji ta fara da siririn sauti ta karye zuwa mai kauri, ka samo kukan macen. Sa guntun soso da dutsen gugar a aljihun rigar farautarka, domin a daji za ka sake shafawa bayan kowane 'yan kiraye-kiraye, tun kafin tsuwwar ta dawo. Allah ya ba da sa'a, ya kuma dawo da ku lafiya.