Haɗuwa da tsofaffin abokai a gidan abincin Indiya: me za a ci?

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokan makaranta za ku haɗu a gidan abincin Indiya bayan shekaru ba ku ga juna ba, kana tambayar abin da ya dace ku ci. Shawarata, kada kowa ya zaɓi farantinsa shi kaɗai. A jera komai a tsakiyar tebur, kowa ya riƙa miƙa hannu.

Ranar da muka yi irin wannan zama, da farko gaisuwa kawai ake ta maimaitawa, ya iyali, ya aiki, sai a yi shiru. Da aka kawo burodin naan da zafinsa, fitowarsa ke nan daga tandoor, tanderunsu na yumɓu, wani ya yago ya miƙa wa na kusa da shi. Nan take hira ta ɓarke, har aka tuno malamin lissafinmu.

Ku nemi biryani irin ta Hyderabad, shinkafar basmati da nama da ake turarawa a tukunya rufe ruf. Wanda ba ya son yaji, korma, wata miya mai kauri da sauƙin yaji, ta dace da shi. Miyar vindaloo kuwa daga jihar Goa ta Indiya ta samo asali, tana da yaji sosai, kuma asalinta da naman alade ake yin ta, don haka ku tambayi irin naman tukuna. Idan barkono ya kama harshe, lassi ko raita, masu madarar yogot, sun fi ruwa kashe raɗaɗin.

Ka kama tebur a kusurwa, nesa da ƙarar kiɗa, don ku ji juna. Wayoyi kuma su zauna a aljihu har a kawo shayin masala.