Fitagoras ɗin da ka ji injiniya yana faɗa

Ka ce jiya da muna fitar da harsashin shagunan nan ka ji injiniya ya ce min "a yi wa kwanar nan Fitagoras", kana tambaya ko wani kayan aiki ne da ba mu da shi, kuma me sunan yake nufi. Kai yanzu duk daɗewar da ka yi kana riƙe min bakin tef ba ka san abin da muke yi ba? Sunan mutum ne. Bagirke ne, an haife shi a tsibirin Samos wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, daga baya ya koma garin Kuroton a kudancin Italiya ya tara almajirai. Mutanensu na da sun ce sunan gida biyu ne: farkonsa yana komawa ga Fitiya, bokanyar da suke zuwa duba wurinta a Delfi, ƙarshensa kuma ga agora, dandalin da suke taruwa a yi jawabi. Wai maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa, kamar ta bokanyar. Wannan tsafinsu ne, can su da shi.

A wurin gini kuwa, in ka ji sunan, uku-huɗu-biyar ake nufi. Ƙafa 3 a wannan zaren, ƙafa 4 a wancan, in tsakaninsu ya ba ka 5 cif, kwana ta zauna. A babban gini ka yi 6, 8, 10, don ƙaramin awo yana ɓoye kuskure. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, har ya rasu bai taɓa jin sunan Baturen nan ba, kuma kwanarsa ba ta taɓa kaucewa ba. Mutanen Babila ma sun rubuta lissafin a allunan laka fiye da shekara 1000 kafin a haifi Fitagoras, shi ko takarda ɗaya bai bari ba, amma sunansa ya bi abin. Haka duniya take, wani ya yi aiki wani ya kwashi suna.

Abin da ya sa na zauna ba ka amsa, ka tuna min da wani Alhaji ne, wanda har gobe in na bi ta layinsu sai raina ya ɓaci. Ya ba ni kwangilar gida, ɗaki uku da falo. Filin ba a miƙe yake ba, katangar maƙwabcinsa ta baya ta shigo a karkace. Na kafa turaku, na ja zare, na fitar da falon ƙafa 12 da 16, na auna daga kwana zuwa kwana ya ba ni 20 ta kowane ɓangare. Sai ga shi da yamma da babbar riga, ya ga ɗan ratar da ta rage tsakanin zarena da katangar maƙwabci, ya ce shi da kuɗinsa ya sayi ƙasar nan, ba zai bar wa ƙadangaru ko taku ɗaya ba, in bi katanga. Na ce ranka ya daɗe, in na bi katangar nan falon zai tashi a gicciye. Na matsar da turaku a gabansa na sake awo, ɓangare ɗaya ƙafa 20 da inci 4, ɗayan 19 da inci 8. Na nuna masa tef da idonsa. Ya ce ido ba zai gani ba, filasta za ta rufe.

Ido bai gani ba kuwa, har muka kai linta. Kafinta ne ya fara ƙorafi da ya zo ɗora kwano, ya yi dabararsa ya wuce. Mai tayil ba shi da wannan dabarar, don tayil a sukwaya aka yi shi, ba ya yi wa kowa kara. Layi ya taso daidai daga ƙofa, yana isa bangon gefe sai yanka ya fara siriri a nan ya ƙare da inci biyar a can. Hajiya ta shigo ta gani ta ce wannan wane irin gini ne. Nan take Alhajin ya juyo, a gaban leburorina, ya ce magini ne bai san aikinsa ba. Ni! Na ce Alhaji, ba kai ka sa na matsar da turke ba? Ya ce shi bai tuna an yi haka ba. Ya riƙe cikon kuɗina, kuɗin da a lokacin zai saya min sabon babur har da canji. Muka je gaban mai unguwa, aka ce ina shaida. Leburan da ya riƙe tef ran nan ɗan ci-rani ne, damina ta faɗi ya koma gida. Aka ce in yi haƙuri. Daga aljihuna na sallami yara, kuma mutumin bai tsaya nan ba, ya bi majalisa yana cewa na ɓata masa gida, har wani aikin makaranta da aka yi min alkawari ya suɓuce. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu ga waya a hannu dare da rana, ba abin da kuke yi da ita sai kallon rawa. Ran da mai gida ya ce ka kauce wa awo, ɗauki muryarsa, ko ya rubuta ya sa hannu a gaban mutum biyu mazauna gari. In ya ƙi, naɗe zarenka ka tafi.

Kar kuma ka dogara da ƙaramar sukwayar ƙarfen nan wajen fitar da gini, ta ɗora bulo ce. Yadda ake kafa turke da ɗaure zare ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma kwaɓa siminti. Gobe shago na ƙarshe, ƙafa 9 da 12 ne, kai za ka fitar da shi. Kafin ka ja tef daga kwana zuwa kwana za ka faɗa min nawa zai bayar, kuma ban yarda ka tambayi injiniya ba.