Kada ki bari a yi mata sakiya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kika ɗauko kika rubuta. Kin ce agwagwarki kwana 5 ke nan tana ɗingishi, ta daina bin sauran, kin ɗaga ƙafar kin ga kumburi a tafin da wani baƙin tabo a tsakiya, kina tambaya ko tsagawa ake yi ko akwai maganin da za a ba ta. Na kuma ga masu ce miki ki yanka ki huta, har da mai dariya wai agwagwa ce fa, ba saniya ba. Ki rabu da su. Wanda bai taɓa rainon agwagwa tun tana 'yar tsako ba, har ta girma tana biye da shi zuwa bakin madafi, ba zai gane abin da kike ji ba.

Tun kafin in manta, don Allah kada ki bari kowa ya yi mata sakiya. Kada a zuba mata baƙin mai, kada a sa kananzir, kada a ɗauko reza. Ni na bari an yi, kuma har yau abin yana cina.

Tawa sunanta 'Yar Gata. Uwarta ta yi kwancinta na kwana 35 cif, ta ƙyanƙyashe 9, kwana uku tsakani wani mai babur ya take uwar a ƙofar gida. Muzuru da shaho suka yi ta ɗauke 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai ta rage, sai autata ta ɗauke ta ta sa a kwali a ɗakinmu. A hannu ta tashi. Ko shara nake tana gefen tsintsiya. To a daminar da ta fara ƙwai ne maigidan ya sa aka yi mana siminti a tsakar gida saboda taɓo, magina kuma ba su goge shi ba, suka bar shi da kaushi wai don kada yara su zame. Mu muna murna mun rabu da caɓi, ashe ƙafar agwagi yake ci kamar dutsen goge kaushi. Da ta fara ɗingishi sai na ce toron ne ya danne ta, kin san nauyinsu. Mako biyu cur ban juya tafin ƙafar na duba ba. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Amma abin da ya biyo baya ba laifina ba ne ni kaɗai. Akwai wani mutum a unguwarmu da ke kasa maganin dabbobi ranar kasuwa, kowa likita yake ce masa, ni ma haka nake ce masa a lokacin. Maƙwabciyata ta ce in kira shi. Ya zo da 'yar jakarsa, ko hannu bai wanke ba, ya kalli ƙafar ya ce ai wannan ƙurji ne, minti biyu ya gama. Ya ce a kawo masa ƙusa da garwashi. 'Yar'uwa, ni na riƙe ta. Da hannuna na riƙe mata fukafukai ya soka mata ƙusar da ta yi ja a wuta a tafin ƙafa. Kin san irin namu agwagin ba su da murya, huci kawai suke yi, to ranar bakinta a buɗe tana huci, jikinta na karkarwa a ƙirjina, ƙaurin fata ya cika gidan. Ya matsa, ya matsa, ba abin da ya fito sai jini. Ya ce ai mugunyar ta ƙone a ciki. Ya tsiyaya baƙin mai, ya zuƙo wata allura daga kwalbar da ba ko takarda a jikinta ya danna mata a cinya, ya karɓi kuɗinsa har da neman na mota, alhali da ƙafa ya zo.

Kwana 4 ƙafar ta zama kamar taɓarya. Kumburin ya haura har gwiwa, wari ya fara, ƙudaje suka samu wurin zama. Ranar da na kwance tsumman na ga tsutsa na motsi a cikin ramin, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya, ban ji kunyar kowa ba. Na aika a kira shi sau uku. Na farko wai yana kasuwa, na biyu wai ya yi tafiya, na uku ya aiko yaro ya ce a gaya mini kwananta ne ya ƙare. Kwananta ne ya ƙare! Na sani rai na Allah ne, ba shi zai koya mini ba, amma ai da ɗingishi kawai ya same ta, tana ci tana sha tana wanka. Har yanzu in na gan shi a bakin layi yana wa mutane bayanin magani da babbar murya sai in sauya hanya. Kuma abin haushi, har gobe ana kai masa awaki. Autata ta dawo daga islamiyya ta tarar an riga an yanka ta don a hutar da ita, naman ma binnewa muka yi, wa zai ci bayan allurar da ba a san ko mece ce ba. Yarinyar nan kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Bayan wata uku toron ya fara irin wannan ɗingishin. Wannan karon na naɗe shi a zani na sa a kwando na hau Keke Napep zuwa asibitin dabbobi, mutane na kallona suna murmushi, ban damu ba. Likitar da ta duba shi, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta fahimtar da ni abin. Ta ce sunan ciwon bumblefoot a Turance. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira Staphylococcus, tana nan a ƙasa da kashinsu da ma fatarsu, ba ta komai sai ta samu ƙofa: ɗan yanka na kwalba, ƙaya, ƙusa, waya, ko fatar da siminti ya cinye. Baƙin tabon nan da kika gani ɓamɓaroki ne, murfin abin da ke ciki. Kuma mugunyar tsuntsu ba ruwa ba ce irin tamu, dunƙulewa take yi ta yi tauri kamar busasshiyar awara. Shi ya sa matsa ba ya fitar da komai, sakiya kuwa ƙuna kawai take ƙarawa a kan ciwo.

Ga yadda muka yi da shi. Ruwan ɗumi a roba, daidai wanda za ki yi wa jariri wanka da shi, a narka gishirin Epsom a ciki, ana samunsa a manyan kemis. In ba ki samu ba gishirin miya ma ya fi babu. Ki naɗe ta a tsohon tawul har fukafukai, ki tsoma ƙafar minti 15, safe da yamma. Ki kula da faratanta, suna yanka kamar wuƙa, ga tabo nan a hannuna. Kada ki bari ta sha ruwan, gishirin Epsom zawo yake sa su. In kin fitar ki tsane ƙafar sosai, ki goge da aidin da aka sirka har ya koma launin ruwan shayi. Haka za ki yi ta yi. Namu sai a kwana na 6 ɓamɓarokin ya yi laushi ya ɗaga da kansa, wani abu fari-fari mai tauri kamar ƙwayar masara ya biyo shi. Ban ja da ƙarfi ba, likitar ta gargaɗe ni cewa in ya ƙi a bar shi a ci gaba da jiƙawa, in kuma ya zama dole a tsaga ita za ta yi da kanta, da maganin kashe zafi da kayan da aka dafa.

Ɗaurin shi ne wahala, don agwagwa ba ta san ciwon kanta ba. Ki yi ɗan gammo da auduga ko bandeji, ramin gammon ya zo daidai kan mikin, yadda in ta taka nauyin zai sauka a gefe. Sai ki naɗe da bandeji ki riƙe da filasta, ki bar tafin a shimfiɗe yadda yake, kada ki dunƙule mata yatsu. Kada ki matse. Bayan awa ɗaya ki taɓa yatsun, in sun yi sanyi ko sun kumbura ki kwance ki sake. Kullum a canja, in ya jiƙe a canja nan take. Ni a banɗakin baƙi na killace shi, na zuba dusar katako da kauri ina kwashe ta in ta jiƙe. Ɓuntun shinkafa ma ya yi. Ba shiga ruwa sai mikin ya rufe, amma dole ki ajiye mata ruwan sha mai zurfin da za ta tsoma kai har wuya, a bokitin da ba za ta iya shiga ba, domin da shi suke haɗiye abinci kuma suke wanke hanci da ido. Mako 5 muka yi a haka kafin ya taka ba ɗingishi. Maigidan har cewa yake yi toron ya fi shi gata a gidan.

Amma ki duba da kyau yau ɗin nan. In ƙafar ta yi zafi in kin taɓa, ko kumburin ya fara hawa sama, ko akwai wari, ko ta daina cin abinci, ki bar batun jiƙawa ki kai ta asibiti, domin in cutar ta shiga gaɓa ko ƙashi ruwan gishiri ba zai yi komai ba. In a Zariya kike akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, in ba can ba ki nemi asibitin dabbobi na gwamnati da ke kusa da ke. Toronmu sai da aka haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta na wasu kwanaki, likita ce ta auna nauyinsa ta rubuta. Wannan kafso ja da rawaya da muke fasawa a ruwan kaji duk lokacin da muka ga dama, ki bar shi. Kuma in an ba taki magani ki tambayi likitan kwana nawa za ku daina cin ƙwanta, maganin yana fita a cikin ƙwai. Na ga wani ya ce ki ba ta diclofenac don zafin ya ragu. Kul! Maganin nan ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya, suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa ƙodarsu na lalacewa, har gwamnatin ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Ba abin da za ki gwada a kan tsuntsu ba ne.

Ba ki faɗi shekarunta ba, kuma na ga kin ce kina da ƙanana, to bari in faɗi wannan ko da ba ki tambaya ba. In 'ya'yan agwagwa suka fara tafiya biyu su zauna, ƙafafu na gwamewa, gwiwa ta kumbura amma tafin ƙafa lafiya lau, wannan wani ciwo ne daban, ƙarancin bitamin B3 ne. Agwagwa ta fi kaza buƙatarsa nesa ba kusa ba, abincin 'yan tsakin kaji ba ya isarsu, balle mu da muke cika su da dusar masara zalla. Ni bitamin B na ruwa nake ɗiga musu a ruwan sha, ina ƙara musu ganye da ɗan kifi. Gyaɗa tana da shi sosai, amma a nan ne ake faɗawa wani ramin: tunkuza ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna guba ne, kuma cikin kaji da dangoginsu ba wanda gubar funfuna ke saurin kashewa kamar ɗan agwagwa. Dusar da ta jiƙe ta kwana ma ki zubar, kada ki ji asara.

Sai kwatami. Na san suna son sa kamar me, amma ki toshe musu hanya. In suka ci tsutsar mushe ko suka yi ta tsotsar ruɓaɓɓen ruwa da zafi, za ki ga ƙafafu biyun sun mutu lokaci guda, sai fukafukai, sai wuya ya langaɓe. Wannan ba ya jira, na ga ya kwashe wa yayata guda 7 a kwana biyu. Kuma ki hana yara kama agwagwa ta ƙafa ko ɗaure ta da igiyar leda kamar kaza, ƙafarsu ba ta da wannan ƙwarin. A rungume ta ta jiki, a tallafe ƙirjin.

Simintin kuwa sai da na yi rigima aka kawo yashi mai laushi aka zuba a ɓangarensu, wurin da suke kwana kuma ciyawa busasshiya. Da hunturu ina shafa musu man kaɗanya a tafin ƙafa saboda tsagewa. Yanzu duk Juma'a da safe ni da autata muke kama su ɗaya bayan ɗaya muna juya ƙafa muna dubawa, ita ke riƙewa, ba ta yarda kowa ya riƙe mata.

Ki duba ɗaya ƙafar ma, don in ta daɗe tana jingina nauyinta a kanta ita ma tana iya kamawa. Ki ɗauki hoton tafin da rana a wurin haske ki turo mu gani, ki gaya mini ko da zafi in kin taɓa. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya ba ki haƙurin jinya. Ki ɗora ruwan tun yanzu, kada ki jira gobe.