Tambaya da Amsa: Wai ni "nesh" ce, zagi ne?

Tambaya: Salam Malam. Ina aikin jinya a Sheffield da ke Ingila, tunda hunturu ya shigo kullum sai na ɗora rigar sanyi biyu, to wata tsohuwa da nake kula da ita ta kalle ni tana dariya ta ce wai ni "nesh" ce. Ban taɓa jin kalmar ba ko a makaranta, don Allah zagi ne? Maman Hanifa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Hanifa, kwantar da hankalinki, tsokana ce irin ta kaka da jika. A bakin mutanen Sheffield da Derbyshire da Staffordshire har zuwa Lancashire, nesh shi ne mutum mara juriyar sanyi, wanda iska kaɗan ta kaɗa ya fara rawar ɗari. Ba ki same ta a makaranta ba don Turancin littafi ya daɗe da ajiye ta, a Landan ma da yawa ba su san ta ba.

Amma fa tsohuwar kalma ce sosai, ta haura shekara 1,000. A tsohon Turanci hnesce ake cewa, ma'anarta abu mai laushi ko mai rauni, daga baya h ɗin farko ya faɗi kamar yadda hnutu ta koma nut. Daga laushin abu aka koma laushin jiki, daga nan sai ragwanta gaban sanyi, shi ya sa ma 'yan ƙwallon yankin in ɗan wasa ya ji tsoron karo ya janye ƙafa sai su ce ya yi neshing. Elizabeth Gaskell ta sa ta a bakin talakawan Manchester cikin littafinta Mary Barton na 1848.

Wanda ya tattara irin waɗannan kalmomi shi ne Joseph Wright, ɗan talakawa daga kusa da Bradford, yana yaro jaki yake kora a wajen fasa dutse, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15, ƙarshe dai ya zama farfesa a Oxford ya fitar da ƙamus ɗin karin harsunan Ingila juzu'i 6 tsakanin 1898 da 1905.

Ni a ganina tsohuwar nan ta saki jiki da ke ne, da ba ta saba da ke ba Turancin asibiti za ta yi miki. Rigunanki kuwa kar ki rage ko ɗaya, Janairu na tafe.